Kuza, Dogo da Coci: Yadda Metodis Suka Iso Jos

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. A wannan fitowa za mu waiwayi wani ɓangare na tarihin Arewa da ya kamata mu marubuta mu sani, wato yadda cocin Metodis ya samu gindin zama a Jos, garin da haƙar kuza ta raya shi.

Ita dai ɗarikar Metodis, John Wesley ne ya assasa ta a Ingila a ƙarni na 18, kuma tun fil'azal tana da alaƙa da masu haƙar ma'adinai. A shekarar 1739 Wesley ya soma wa'azi a fili a wajen Bristol, inda masu haƙar kwal na Kingswood suka zama cikin mabiyansa na farko. Daga baya masu haƙar kuza na Cornwall suka rungumi ɗarikar hannu bibbiyu. Sirrin yaɗuwarta shi ne tsarinta: ana kasa mabiya ƙungiya-ƙungiya, mutum goma sha wani abu, kowace da jagoranta, kuma ma'aikaci na iya yin wa'azi ko da ba a naɗa shi limami ba. Saboda haka duk inda neman abinci ya kai mabiyanta, ba sa jiran fasto kafin su soma ibada.

A ƙasarmu, ɗarikar ta shigo ta ƙofa biyu. Thomas Birch Freeman ya sauka Badagry a watan Satumba na 1842, daga nan aikin ya bazu cikin ƙasar Yarbawa. Wani reshen kuma ya tsallako daga tsibirin Fernando Po a 1893, ya yi aiki tsakanin Ibibiyo da Ibo, ya bi layin dogon gabas har ƙasar Idoma. Rassan sun haɗe a Ingila a 1932, sannan cocin Metodis na Nijeriya ya samu cin gashin kansa a 1962.

To, me ya kai su Jos? Amsar ita ce kuza. Tun kafin zuwan Turawa maƙeran Ririwai da na Liruwen Dalma suna narka ta. Da Turawan kamfanin Neja suka bi sawunta zuwa tsaunukan Filato a farkon ƙarni na 20, sai kamfanoni suka yi caa a kan ƙasar Birom da Anaguta da Afizere. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya isa Jos da Bukuru, a 1927 kuma babban layi ya iso ta Kafanchan. Kamfani na bukatar lebura, amma yana kuma bukatar akawu da kafinta da makaniki da tela. Da yawa daga cikin irin waɗannan ma'aikata sun fito ne daga Kudu, da Saliyo, da ƙasar da a yau ake kira Gana, wuraren da makarantun Metodis suka daɗe suna yaye ɗalibai. Su ne suka zo da ɗarikar, tare da littattafan waƙoƙinsu da harsunansu.

Nan ne bambancin yake. Mishan irin su S.U.M. da S.I.M. ƙauyuka suka nufa, suka yi wa'azi da Hausa, musamman bayan fitowar Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Shi kuwa cocin Metodis na birni, na baƙi ne: a nan sabon zuwa ke samun masauki, da labarin aiki, da wanda zai tsaya masa ranar aure ko ranar mutuwa. Abin da zango yake ga Bahaushe a Kumasi, shi ne coci ga akawun da ya baro Legas.

Shi ya sa duk abin da ya taɓa garin sai ya taɓa cocin. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an yi diban gwamna, aka tilasta wa dubban talakawan Arewa aikin kuza, da yawa sanyi da cuta suka halaka su. A 1966 kashe-kashe suka kori Ibo daga garuruwan Arewa. A 1985 farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya, aka bar ramuka cike da ruwa. Sai rikicin Satumba na 2001, wanda ya raba unguwannin da a da ake cuɗanya. Duk da haka ɗarikar na nan a Jos, jikokin baƙin jiya sun zama 'yan gari.

Darasinmu a nan shi ne, jirgi ɗaya ya kawo mahaucin Kano da akawun Metodis, kuza ɗaya ta ciyar da su. Leonard Plotnicov ya yi littafi kan baƙin Jos a 1967, Bill Freund ya yi kan leburorin kuza a 1981, duka da Turanci. Mu da muke zaune a Kaduna, ga Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a kusa da mu, inda takardun lardunan Arewa suke. Tsofaffin da suka ga zamanin bariki kuma suna ta ƙarewa. Idan ba mu je mun saurare su mun rubuta da Hausa ba, 'ya'yanmu za su tashi ba su san Jos ba sai ta labarin rikici.