JEGA: TASHAR DA JIRGIN ƘASA BAI TAƁA ZUWA BA

Jama'a, tunda ana ta yawo da hotunan tashar Sadat ta jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke Alƙahira, wadda aka buɗe a 1987 a ƙarƙashin dandalin Tahrir, bari in ɗan tuna mana da tamu tashar.

Tun kafin Landan ta fara nata jirgin ƙarƙashin ƙasa a 1863, Jega mahaɗa ce. Buhari ɗan Abdussalami ne ya kafa garin wajen 1820, bayan rasuwar mahaifinsa, malamin nan na Gimbana, almajirin Shehu Usmanu da daga baya ya saɓa da Sarkin Musulmi Bello. Garin ya zauna a bakin gulbi, kan hanyar fatake masu zuwa Gwanja. Ayarin jakuna ya sauka da kanwa da tufafi, wani ya taso daga kudu da goro, a nan ake zango, a nan ake ciniki. Fatoma ya ci, dillali ya ci, mai tuwo ma ta ci.

To me ya faru? Dogo ya isa Kano a 1911. Goro ya koma bin teku zuwa Ikko, daga nan a loda shi a jirgi. Ayari ya fara mutuwa. Reshen da Turawa suka ja daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya cak a Ƙauran Namoda a 1929, don gyaɗa da auduga suke so, ba mu ba. Sakkwato ma bai kai ba, balle mu.

Mota ce ta rufa wa Jega asiri. Har gobe a nan hanyar Sakkwato da ta Birnin Kebbi da ta Yawuri suke haɗuwa. Albasar Aliero a bayan tirela take tafiya kudu, ta ratsa Maiyama da Koko, in mota ta lalace kwana biyu a hanya, manomi ne ke kwana a ciki.

Yanzu ga babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry da aka ƙaddamar a 2024. Ni abin da nake so wakilanmu su faɗa mana ƙarara: ina mashigar da za ta haɗa ta da kasuwar Jega, kuma kilomita nawa ce daga Aliero?