Masu Jinyar Damuwar Rai a Zamanin Annobar Mura

Sa'ad da annobar mura ta 1918 ta ratsa Turai, sana'ar jinyar damuwar rai ta hanyar zance, wato sauraron majiyyaci har a gano tushen abin da ke cin ransa, tana cikin ƙuruciyarta, kuma masifar ba ta ƙyale masu sana'ar ba. A Janairun 1920 murar ta kashe Sophie, 'yar Sigmund Freud, wanda ya kafa wannan sana'a, a Hambug, rashin jirgin ƙasa daga Biyana kuma ya hana uban zuwa gare ta, amma duk da wannan babban rashi bai daina ganin majiyyata ba. Bayan wata guda, almajiransa Max Eitingon da Ernst Simmel suka buɗe asibitin irin wannan jinya a Balin, inda ake duba marasa hali kyauta ko da ɗan abin da suka iya biya.