Malaman da Suka Sa wa Rabon Muƙamai Ido a Amurka

Ranar 2 ga Yuli 1881, Charles Guiteau ya harbi Shugaba James Garfield a tashar jirgin ƙasa ta Washington. Haushinsa shi ne an hana shi kujerar ƙaramin jakada a Paris, alhali a ganinsa da bazarsa aka taka rawa a zaɓe. Garfield ya yi ta jinya har ya cika a watan Satumba.

Tun hawan Andrew Jackson a 1829 aikin gwamnati ya zama ganima: jam'iyyar da ta ci zaɓe takan sallami ma'aikata, har da mai kula da gidan waya na ƙauye, ta zuba 'ya'yanta. Jinin Garfield ne ya sa majalisa ta zartar da dokar Pendleton a 1883, wadda ta ce sai da jarrabawa za a ɗauki ma'aikaci. Kusan kashi 10 cikin 100 na guraben kawai ta shafa da farko.

A 1887 wani matashin malamin jami'a, Woodrow Wilson, ya rubuta maƙalar da ake ɗauka tushen fannin nazarin gudanar da aikin gwamnati, yana cewa a raba siyasa da gudanar da aikin ofis. Da shi kansa ya hau mulki a 1913, 'yan jam'iyyarsa suka yi layi, kuma ba su koma hannu rabbana ba.

Wani malamin, Hugh Heclo, ya kira manyan Washington gwamnatin baƙi a littafinsa na 1977, domin naɗaɗɗe yakan yi shekara biyu ko makamancin haka ya tafi, kafin ma ya gama sanin ma'aikatansa.

David Lewis kuwa ƙirge ya yi. A littafinsa na 2008 ya ɗauki makin da gwamnatin George W. Bush ta ba shirye-shiryenta da kanta, ya nuna waɗanda tsofaffin ma'aikata ke riƙe da su sun fi na naɗaɗɗu maki. Misalinsa mafi ciwo shi ne FEMA, hukumar agajin gaggawa, wadda guguwar Katrina ta kunyata a 2005. Shugabanta, Michael Brown, kafin shigarsa hukumar alƙalan gasar dawakan Larabawa yake sa wa ido.

A 2006 majalisa ta wajabta wa shugaban FEMA gogewar shekara biyar a jagoranci. Bush ya sa hannu, amma ya rubuta cewa sharaɗin ya taƙaita masa ikon zaɓen wanda yake so.