Lissafin Katsina: Daga Hatimi Zuwa Baƙin Rami

A shekarar 1741 wani malami Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi, ya rasu a birnin Alƙahira, a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, wanda ya shahara a ilimin falaki. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, shi ne ya zama babban marubucin tarihin Masar, kuma ya sanya labarin baƙon mahaifinsa cikin jerin manyan malaman zamanin. Abin da Misirawa suka girmama a wurin wannan baƙo shi ne hisabi. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu sake duba yadda muke ba da tarihin ilimi a Katsina, domin mun saba tsayawa ga fiƙihu da waƙa da waliyyai, mu tsallake lissafi kamar Turawa ne suka zo mana da shi a cikin akwati.

Al-Kashnawi bai faɗo daga sama ba. Tun ƙarshen ƙarni na 15 Katsina tana cikin garuruwan da malaman Masar da na Magrib suka sani. Al-Magili ya zo, al-Suyuɗi ya rubuta wa Sarki Ibrahim wasiƙa. Ga hasumiyar Gobarau, wadda ake danganta ginin ta da zamanin Muhammadu Korau, ga Ɗan Marina, ga Ɗan Masani wanda ya rasu a 1667. Garin da ke da alƙalai masu rabon gado, da ladanai masu tsare lokutan salla, da fatake masu ƙetare Sahara, ba ya rayuwa ba tare da masu lissafi ba. A cikin wannan gida aka reni mutumin da ya kammala littafinsa kan wafaƙi, wato hatimi, a wajen 1732.

Kowane almajiri ya san hatimi mai gida tara. Ana jera lambobi daga 1 zuwa 9, layin farko 4, 9, 2, na tsakiya 3, 5, 7, na ƙasa 8, 1, 6, ta duk inda ka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, 15 za ka samu. Haddace wannan ba wani aiki ba ne. Aikin al-Kashnawi shi ne bayyana ƙa'idar da za a bi a gina kowane hatimi da adadin layukansa mara ne: mai layi 5 ya ba da 65, mai layi 7 ya ba da 175, har abin da ya yi sama. Wanda ya bar misali ɗaya ya nemi dokar da ta game dukkan misalai, to lissafi yake yi a ma'anar da kowace jami'a ta yarda da ita a yau.

Za a ce ai wannan tsibbu ne, kuma mai faɗin haka yana da hujja. Littafinsa al-Durr al-Manzum a kan ɗalasimai da taurari yake, kuma malamai da yawa sun yi hani ga irin wannan aiki. Ba sai mun kare da'awar cewa lambobi suna warkarwa ko suna jawo arziki ba; babu shaidar da ta tabbatar da haka. Amma ingancin ƙa'idar lissafi bai rataya ga niyyar wanda ya gano ta ba. Kepler ya yi wa sarakuna duba da taurari, kuma dokokinsa na tafiyar duniyoyi suna nan daram. Euler ya rubuta a kan hatimai a 1776 da 1782, kuma irin jadawalin da ya nazarta shi Fisher ya ɗauka a shekarun 1920 yana tsara gwajin iri da taki a gonakin Ingila. A Turai an tace lissafin aka ci gaba da shi. Mu kuwa muka bar shi a hannun masu rubutun sha.

Ga inda irin wannan tacewa ta kai. A 1915 Einstein ya rubuta lissafin ƙarfin da ke jawo abubuwa ga juna, wanda ke riƙe wata a kewayen duniya. Tun kafin nan, Navier a 1822 da Stokes a 1845 sun rubuta lissafin kwararar ruwa da iska. Da farko babu wanda ya zaci akwai dangantaka. Sai Juan Maldacena ya kawo hasashe a 1997 cewa wani lissafin jawowa mai ɓangarori biyar daidai yake da lissafin ƙwayoyin zarra mai ɓangarori huɗu. A 2008 Bhattacharyya da Hubeny da Minwalla da Rangamani suka nuna cewa idan fuskar baƙin rami, wato wurin da ko haske ba ya kuɓuta, ta motsa a hankali, lissafin Einstein yana komawa lissafin ruwa, har da ma'aunin kaurinsa, abin da ya bambanta zuma da ruwan randa. A shekarar ce wasu rukunoni biyu suka sa wa ramin cajin lantarki, sai ruwan ma ya ɗauki caji, kuma wani abu ya bayyana wanda manyan littattafan fannin suka tsallake: idan ruwan yana juyawa, caji yana iya gudana ta tsakiyar juyin. Son da Surowka suka tabbatar a 2009 cewa dokokin ƙwayoyin zarra ne suka wajabta hakan.

Wani zai ce haɗa wannan da Katsina ƙari ne. Gaskiya babu silsilar malamai daga Gobarau zuwa Maldacena, kuma akwai bambanci babba: masu fiziks suna kai lissafinsu gaban gwaji, kamar yadda aka auna ruwan ƙwayoyin zarra a Brookhaven ta Amurka aka sanar a 2005 cewa kaurinsa kaɗan ne ƙwarai, kusa da abin da lissafin baƙin rami ya bayar. Abin da tarihin ya nuna shi ne haƙurin bin lambobi ba baƙo ba ne a garin nan, yankewa ya yi. Bayan jihadi kasuwa ta karkata Kano, har matafiyi Barth ya tarar da Katsina ta ragu a 1851. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ta yaye Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, amma lissafin da ta koyar daga Ingila ya zo, bai gaisa da na zaure ba.

Yau garin yana da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Al-Ƙalam. Ya kamata masana Larabci da masana lissafi na waɗannan jami'o'i su zauna tare, su tace littafin al-Kashnawi kan wafaƙi, su fitar da shi da Hausa, a koyar da shi a ajin lissafi na makarantun jihar.