Amshi Makarantar Murya Ce: Martani Kan Koyar da Waƙar Dandamali a Zamfara

Akwai ra'ayin da ke yawo tsakanin malaman wasan kwaikwayo, cewa duk kwalejin da ke son horar da mawaƙan dandamali sai ta ɗauko tsarin Italiya ɗungurungum, domin wai Bahaushe ba shi da ilimin horar da murya, baiwa kawai ya dogara da ita. Wannan maƙala tana ganin an yi gaggawar yanke hukunci. Tarihin fagen sananne ne: sashen kiɗa na Jami'ar Nsukka tun 1961, wasannin waƙa na Duro Ladipo a ƙasar Yarbawa, da aikin Ames da King (1971) kan kiɗan Hausa. Abin da ake jayayya a kai shi ne ko amshi horo ne.

A duba Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991. Ya tashi yana amshi a bayan mahaifinsa a Maradun, sannan a bayan yayansa Abdu Kurna, kafin ya ja nasa ayarin. A waɗannan shekaru yaro yana koyon riƙe gindin waƙa ba tare da ya kauce wa kotso ba. Yana koyon tarbe, wato cafe ɗan waƙa daga bakin jagora kafin ya dire, da rakiya, da ƙari, da karɓeɓeniya, kamar yadda Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya rarrabe su a nazarinsa na waƙar baka. Kowanne yana buƙatar a san inda za a ja numfashi, a daidaita murya da ta 'yan'uwa, a kuma isar da ita ƙarshen taro a fili, kan ƙarar ganguna, ba lasifika. Ayarin Ibrahim Narambaɗa a fadar Isa da na Salihu Jankiɗi a Sakkwato bisa wannan tsari suka tsayu. Abin da ke da matakai da mai gyara da ranar yaye, da wuya a hana shi sunan makaranta.

Mafi ƙarfin hujjar mai wancan ra'ayi ita ce tsarin Turai ya san maƙogwaro. Tun da Manuel García ya leƙa tantanin murya da ɗan madubi a 1854, malaman can suke iya bayyana abin da ke dusashe murya da yadda za a kare ta. Wannan gaskiya ne, kuma ya kamata ɗalibinmu ya samu wannan ilimi. Sai dai sanin gaɓoɓin jiki daban, salon rerawa daban. Salon opera an gina shi ne a kan Italiyanci, harshen da ma'anar kalma ba ta rataya ga hawa da saukar murya ba. Malamin opera yakan sa mawaƙi ya karkata wasali idan murya ta yi sama, ya ja gaɓa ɗaya a kan sautuka masu yawa, ya sassauta baƙaƙe don kada layin ya yanke. Hausa kuwa tana bambanta kalmomi da karin sauti da tsawon wasali, kuma ƙ da ɗ da ɓ da ts suna buƙatar motsin maƙogwaron da wancan salo ke ƙoƙarin kwantarwa. Saboda haka ana iya hasashen cewa ɗalibin da aka horar a kan wannan salo kaɗai zai fito da murya mai cika zaure, amma mai sauraro a Gummi ba zai tsinci rabin zancensa ba. Mai sauraron Hausa kuma magana yake bi: kirari da zambo da habaici.

Mai wancan ra'ayi zai sake cewa makaɗin fada ba ɗan wasa ba ne, shi kansa yake wakilta a gaban ubangidansa, alhali mawaƙin dandamali yakan shiga rigar wani, ya yi kuka ko fushi da waƙa. A nan dole a rage faɗin da'awarmu. Tashe da wasan gauta sun nuna cewa kwaikwayo da waƙa sun daɗe da haɗuwa a ƙasar Hausa, amma ba su samar da horo mai tsawo irin na amshi ba. Abin da hujja ta ba mu shi ne amshi ya isa harsashin horar da murya da kunne da numfashi. Shiga halin wani kuwa sai an koyo daga fagen wasan kwaikwayo, irin wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana koyarwa a Zariya.

Ga yammacin Zamfara maganar ba ta jira. Fadar Sarkin Zamfaran Anka da ta Sarkin Mafaran Gummi da ta Sarkin Dankon Bukkuyum suna nan, amma rashin tsaro ya rage tarukan da ake yin kiɗa a cikinsu, matasa kuma sun koma ɗakin ɗaukar waƙa, inda kwamfuta ke gyara muryar da ba ta nuna ba. Yaron garin Gwashi mai zaƙin murya yana iya girma bai taɓa tsayawa bayan jagora ba. Sassan Hausa na jami'o'inmu sun yi aiki babba wajen taskace waƙoƙi da nazarin matani, amma nazarin matani ba ya koyar da tarbe.

Shawarata ita ce Jami'ar Tarayya ta Gusau da Kwalejin Ilimi ta Maru su ɗauki tsofaffin 'yan amshi a matsayin malamai masu albashi, ɗalibi ya yi amshi a bayansu kafin a ba shi jagoranci, a haɗa masa da darasin lafiyar murya da na wasan kwaikwayo. Waɗanda suka yi amshi a bayan manyan makaɗan ƙarni na 20 tsufa ya kama su, kuma abin da suka sani ba ya cikin littafi. Kwalejin da ta jinkirta za ta tarar ba wanda zai koyar.