Yadda Tsaftar Wurin Aiki Ta Koma Wuyan Mai Masana'anta

A shekarar 1784 wani mugun zazzaɓi ya ɓarke a Radcliffe, wani ƙaramin gari kusa da Manchester a ƙasar Ingila. A masaƙar auduga ya fara, sannan ya tsallake katanga ya shiga gari. Masaƙar ta kamfanin wani attajiri ce mai suna Robert Peel, kuma da yawa daga cikin ma'aikatan irin waɗannan masaƙu yara ne, marayu da 'ya'yan talakawa da hukumomin kula da matalauta ke damƙa wa masu masana'antu da sunan koyon sana'a. Injuna ba sa tsayawa dare da rana. Yaran da suka kwana aiki sukan faɗa kan shimfiɗar da na rana suka tashi daga kai tun ba ta huce ba. Ga ƙurar auduga, ga warin man inji da na fitila, ga masai babu mai kula da shi.

Alƙalan yankin suka nemi likitocin Manchester, a ƙarƙashin jagorancin Dakta Thomas Percival, su je su gano musu abin da ke faruwa. Shawarwarin da likitocin suka kawo babu wanda zai ba uwar gida mamaki: a buɗe tagogi iska ta shiga, a share ƙasa a wanke ta, a shafe bango da farar ƙasa, a riƙa wanke masai, a kuma rage wa yara lokacin aiki. Abin lura shi ne dalilin da ya sa aka aika likitocin tun farko. Yara sun daɗe suna ciwo a masaƙu ba wanda ya ɗaga kai. Da zazzaɓin nan ya tsaya iya ɗakin kwanan marayu, da wuya alƙali ya ɗauki alƙalami.

Ba wai ba a san cewa sana'a na jawo ciwo ba kafin lokacin. Tun 1700 wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya wallafa littafi kan cututtukan masu sana'o'i, daga masu haƙar ma'adinai zuwa majema da masu gasa burodi. Abin da ya ja hankalinsa ga wannan fanni shi ne wani mai kwasar masai da ya gani yana ta gaggawar gama aiki saboda raɗaɗin da idanunsa ke masa. Ramazzini ya shawarci likitoci su riƙa tambayar marar lafiya wace sana'a yake yi. Amma littafinsa ilimi ne kawai, bai ɗora wa kowa wani nauyi ba. Mai sana'ar hannu a shagonsa yake, ƙazantarsa tasa ce, ciwonsa nasa ne. Sai da masaƙa ta tara ɗaruruwan mutane a ƙarƙashin rufi ɗaya, wanda ba nasu ba, sannan tambayar ta taso: wa zai share, kuma wa za a kama idan ba a share ba?

Amsar farko ta zo a 1802, kuma Robert Peel ɗin nan ne da kansa, wanda a lokacin ya zama ɗan majalisa, ya gabatar da ita. Dokar lafiya da tarbiyyar yara masu koyon sana'a ta ce a shafe ɗakunan masaƙa da farar ƙasa sau biyu a shekara, a kuma samar da isassun tagogi. Ta hana a sa 'yan koyo aiki fiye da awa 12 a rana, ta ce a ba kowanne tufafi kala biyu, kada a kwantar da fiye da mutum biyu a gado ɗaya, a raba ɗakin maza da na mata. Wannan ce dokar masana'antu ta farko a Ingila, kuma tsafta ce a kan gabanta.

Akwai abin dariya a ciki, in har za a iya dariya. Likitocin zamanin sun ɗauka gurɓatacciyar iska da wari ne ke haifar da zazzaɓi, shi ya sa suka dage a kan farar ƙasa da tagogi. Masana tarihi da dama na ganin zazzaɓin Radcliffe irin wanda ƙwarƙwata ke yaɗawa ne, abin da ba a tabbatar ba sai a 1909, lokacin da wani Bafaranshe, Charles Nicolle, ya gano haka a Tunis. Ke nan sashen da ya yi maganar tufafin canji da yawan masu kwana a gado ya fi farar ƙasa kusa da maganin cutar, ba tare da masu dokar sun sani ba.

Ko ma dai wane sashe ne, dokar ba ta yi aiki ba. An bar wa alƙalan kowane yanki su naɗa mutum biyu, alƙali ɗaya da limamin coci ɗaya, su riƙa leƙa masaƙu ba tare da albashi ba. Sau da yawa waɗannan mutane abokan cin tuwon masu masaƙun ne, an ba kura ajiyar nama. Tarar ma ba ta wuce fam biyar ba. A yankuna da yawa ko naɗa masu leƙen ba a yi ba.

Sai a 1833 gwamnati ta naɗa sufetocinta, masu albashi, masu ikon shiga kowace masaƙa. Su huɗu ne kacal ga dubban masaƙu, abin da kowa zai ce ba zai isa ba, kuma lallai bai isa ba. Amma sufeto mai albashi yana rubuta rahoto, rahoto kuma yana zuwa majalisa. Ɗaya daga cikinsu, Leonard Horner, ya shafe sama da shekara ashirin yana gurfanar da masu masaƙu a Lancashire, yankin da Manchester take ciki a lokacin, yana kuma kai ƙarar alƙalan da ke sakinsu. A 1844 aka mayar da shafen farar ƙasa zuwa sau ɗaya duk wata 14, aka kuma wajabta killace injuna masu haɗari. A 1864 doka ta fita daga masaƙu ta shiga wuraren yin tangaran da ashana da harsashi, ta kuma ce dole a fitar da ƙura da hayaƙin da ke cutar da ma'aikaci. Daga nan ma'anar tsafta ta fara faɗi. Ba dattin da ido ke gani kaɗai ake magana ba, har da gubar da ke sauka a kan hannu da abinci.

Babu inda wannan ya fito fili kamar a masana'antar ashana. Da farin sinadarin fosfaras ake yin kan ashana a wancan zamani, kuma tururinsa na bi ta ruɓaɓɓen haƙori ya shiga ƙashin muƙamuƙi. Ciwon haƙori ake fara ji, sai dasashi ya kumbura ya yi ruwa, sai ƙashi ya fara ruɓewa, da wari mai korar mutane. Wanda abin ya yi wa nisa sai an cire masa muƙamuƙi, wasu kuma su mutu. A kamfanin Bryant and May da ke unguwar Bow a gabashin Landan, 'yan mata na cin burodinsu a kan teburin da suke aiki, da hannun da ba su wanke ba, don babu wurin wankewa balle wurin cin abinci. Masu hannun jari kuwa na kwasar riba mai tsoka, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

A watan Yunin 1888 wata marubuciya, Annie Besant, ta fallasa halin da suke ciki a jarida. Da kamfani ya kori ɗaya daga cikin ma'aikatan, sai mata da 'yan mata kusan 1,400 suka ajiye aiki a farkon Yuli. Yawanci ana tuna wannan yajin aiki ne da soke tarar da ake cire musu daga albashi. Amma cikin sharuɗɗan sulhun akwai ɗaya da ya fi dacewa da labarinmu: a ware musu ɗakin cin abinci daban, nesa da sinadarin. Yara mata da yawansu ba su yi makaranta mai zurfi ba ne suka sa aka amince da abin da yau kowane littafin kula da lafiyar ma'aikata ke farawa da shi. Ba a nan ciwon ya ƙare ba, domin a 1898 an ci tarar kamfanin saboda ɓoye waɗanda suka kamu. A 1906 wasu ƙasashen Turai suka sa hannu a birnin Bern kan haramta farin fosfaras a ashana, Ingila kuma ta bi sahu da dokar da ta fara aiki a 1910. Ciwon muƙamuƙi ya ɓace ne bayan an daina amfani da gubar, ba don an ƙara yawan sabulu ba.

Dalma ta fi wahalar kawarwa, don ana buƙatarta a fenti da tangaran da batir. Dokar 1883 ta tilasta wa masu sarrafa farar dalma su samar da wurin wanka, da rigar aiki, da ɗakin cin abinci. A 1893 aka naɗa mata sufetoci na farko, May Abraham da Mary Paterson, waɗanda suka riƙa tono abin da maza ke wucewa ba su gani ba, kamar rashin banɗakin mata a wurin da mata suka fi yawa. A 1895 aka wajabta wa likitoci su sanar da hukuma duk ma'aikacin da suka gani da gubar dalma ko fosfaras. Sannan a 1898 aka naɗa Thomas Legge likitan farko mai duba masana'antu.

Kafin Legge, abin da masu masana'antu suka fi so su faɗa shi ne laifin ma'aikaci ne: ƙazami ne, ba ya wanke hannu, mashayi ne. Legge ya bi alƙaluman da dokar 1895 ta fara tarawa, ya nuna cewa yawancin gubar dalma ta hanci take shiga, a ƙurar da ke yawo a ɗakin aiki. Mutum zai iya wanke hannu sau goma, amma ba zai daina numfashi ba. Matsayarsa ita ce, muddin mai masana'anta bai yi nasa ba, wato ya sa na'urar zuƙe ƙura a daidai inda take tashi, ya jiƙa ƙasa kafin shara, ya samar da ruwa da wurin canja kaya, to abin da ma'aikaci zai iya yi wa kansa kaɗan ne. A ganina wannan ce gaɓar da ta fi kowace muhimmanci a tarihin gaba ɗaya, domin a nan ne tsafta ta tashi daga zama halin mutum ta koma tsarin gini da kayan aiki, abin da mai kuɗin ne kaɗai ke da iko a kai. Legge bai yi wasa da maganarsa ba. A 1926 ya ajiye muƙaminsa saboda gwamnatinsa ta ƙi amincewa da yarjejeniyar 1921 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta hana amfani da farar dalma wajen fentin cikin gine-gine.

Ita wannan ƙungiya, da aka kafa a 1919, ita ta ɗauki waɗannan ƙa'idoji ta baza su duniya. Ta yi yarjejeniyar sufetocin ƙwadago a 1947, ta yi ta tsaftar shaguna da ofisoshi a 1964, wadda ta kawo ruwan sha da banɗaki da haske da wurin zama ga akawu da mai jiran kanti, ba leburan masana'anta kaɗai ba. A 2022 ta sanya aiki cikin aminci da lafiya a jerin haƙƙoƙin ma'aikaci na asali.

Nijeriya ta gaji wannan tsari ne ta hannun Turawan mulkin mallaka. An yi dokar masana'antu a 1955, daf da lokacin da masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, aka kuma sabunta dokar a 1987 zamanin mulkin soja. Wanda ya karanta sashen lafiya na dokar zai ga sawun Lancashire ƙarara: a kwashe shara kullum, a wanke daɓen ɗakin aiki duk mako, a riƙa wanke bango ko a shafe shi, kada a cunkushe mutane, a samar da iska da haske da banɗaki da ruwan sha. Dattawanmu sun fi tuna duba-gari, wanda ke leƙa randa da masai a gidaje da kasuwanni, ana jin zuwansa kowa ya ɗauki tsintsiya. Sufeton masana'antu kuwa na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ne, kuma hurumin aikinsa wurin da aka yi wa rajista a matsayin masana'anta. Mafi yawan masu neman abinci a ƙasar nan ba a irin wannan wuri suke aiki ba. Suna gareji, suna majema, suna gidan burodi na bayan layi, suna tsakar gida.

A 2010 aka ga abin da wannan giɓi ke haifarwa. Ma'aikatan ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka suka lura yara na mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Zamfara, bayan suma da jijjiga, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya yi musu komai. Da aka gwada jini sai aka ga gubar dalma ce. Farashin zinariya ya tashi, mutane suka riƙa kawo duwatsun ma'adinai cikin gari, ana farfasa su ana niƙawa a busasshe da injin niƙan hatsi, ana shanya garin a inda yara ke rarrafe. Duwatsun na ɗauke da dalma mai yawa. Magidanta kuma na dawowa gida da ƙurar a jikin rigunansu. Yara kusan 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Sai da aka kankare saman ƙasar gidaje a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma aka zuba sabuwa kafin a iya yi wa yara magani, domin babu amfanin wanke jinin yaro a mayar da shi cikin ƙurar da ta sa shi ciwo. Bagega, wadda ta fi su girma, ta jira kuɗin gwamnati har 2013.

Matakan da aka koya wa masu haƙar daga baya su ne a fitar da niƙa daga cikin gari, a riƙa jiƙa dutse kafin a niƙa, a wanke jiki a canja kaya kafin a koma gida, kada a ci abinci a wurin aiki. Kusan duka suna cikin ƙa'idojin da Ingila ta ɗora wa masu sarrafa dalma tun ƙarshen ƙarni na 19. Bambancin shi ne a can akwai mai masana'antar da za a ci tara, a nan kuwa mai haƙa shi ne mai gida shi ne lebura, dillalin da ke sayen zinariyar kuma ba ya cikin rajistar kowa. A 2015 irin wannan guba ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, ta kashe yara 28.