Gidan Makama a Matsayin Aji: Gudummawar Ziyara ga Koyar da Tarihi da Hausa

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2022 ne Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da dawo da darasin tarihi cikin manhajar ilmin matakin farko, bayan shekara 13 da cire shi. Dawowar tasa ta zo da matsala ga malamai, wato yadda za a koyar da shi ba tare da ya koma haddar sunayen sarakuna da shekaru ba. Hausawa na cewa gani ya kori ji. Wannan maƙala ta ɗauki Gidan Makama da ke birnin Kano a matsayin misali, domin nuna cewa ziyarar gidan tarihi darasi ce cikakkiya, idan har an yi mata shiri.

2.0 Tarihin Gidan

Gidan Makama yana daura da fadar Sarkin Kano. An gina shi a ƙarni na 15, kuma ana danganta shi da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ruwayar baka ta nuna cewa a nan ya zauna yana riƙe da sarautar Makama, har zuwa lokacin da aka kammala Gidan Rumfa ya tare a can. A zamanin Rumfa ne aka kafa kasuwar Kurmi, aka faɗaɗa ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa, sannan Shehu Magili ya baƙunci Kano ya rubuta wa sarki nasihohi kan mulki.

Gidan ya ga sauyin zamani iri-iri. Ya ga jihadin da ya kawo ƙarshen mulkin Sarki Alwali, ya ga Yaƙin Basasa da ya ɓarke a 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, ya kuma ga shigar Turawa birni a watan Fabrairu na 1903, zamanin Sarki Alu. Turawan sun yi amfani da shi a matsayin ofis. Daga baya aka kasa shi uku: gidan tarihi, makarantar firamare da mazaunin Makama. A yau Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ce ke riƙe da sashen gidan tarihin.

3.0 Abin da Ɗalibi Zai Gani

Ginin kansa shi ne abin kallo na farko. Tun daga zaure ɗalibi zai ga kaurin bangon tubali, ya ɗaga kai ya ga yadda aka jera azara, aka tanƙwara bakan gizo ya ɗauki nauyin rufi ba ƙarfe ba siminti. A nan malamin Hausa zai sami kalmomin da suke neman ɓacewa daga bakin yara, kamar zanko, indararo, makuba, dagi da ɗaurin guga. Kalmar da yaro ya ga ma'anarta da idonsa ba ta saurin kuɓuce masa.

A cikin ɗakunan kuwa akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin ganuwa, da kayan yaƙi, da kayan kiɗa, da na sana'o'in gargajiya, da kwatancin ɗakin amarya da jerenta, da hotunan Kano na farkon zuwan Turawa. Ƙyaure ɗaya ya isa darasi guda. Me ya sa ya yi nauyi haka? Wa ake tsoro? Mene ne aikin sarkin ƙofa? Amsoshin za su kai ɗalibi ga batun tsaro da fatauci da haraji.

4.0 Danganta Ziyarar da Gida

Bai kamata ɗalibin da ya zo daga nesa ya ɗauka cewa tarihin wasu yake kallo ba. A ɗauki yaron Kuta a ƙaramar hukumar Shiroro ta Jihar Neja. Lokacin da aka ci Kano, hedikwatar Lugga tana Zungeru, a cikin jiharsa ta yau. Layin dogon da ya isa Kano a 1911 daga Baro ya taso, ya ratsa ta Minna. Haka kuma, idan ya ga tukwane da kayan saƙa na Kano, sai a buƙace shi ya kwatanta su da na Gbagyi da ya sani a gida, ya kawo sunayensu a harsunan biyu.

5.0 Shawarwari da Kammalawa

Ana ba masu tsara manhaja shawara su sanya ziyara a cikin tsarin aikin zango, a maimakon barin ta ga ganin damar makaranta. Malami ya riga ɗalibai zuwa, ya zaɓi abubuwa uku ko huɗu, ya shirya tambayoyi a kansu. Bayan an dawo, ɗalibai su rubuta insha'i da Hausa, su kuma tattara sababbin kalmomi. Makarantar da ba ta da halin tafiya tana iya fara ziyararta daga fadar hakimi, ko kufai, ko bakin dattawan gari. Idan ba a yi wannan shiri ba, ziyarar za ta ƙare a yawon buɗe ido, yara su dawo da hotuna, darasin kuwa a baro shi a zaure.